Yadda ake gane 'yar'uwar zaitun ta tsibirin Moris, da abin da zai hana ta ƙarewa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun aikin gona a tsibirin Moris, wanda taswira ke rubutawa Mauritius. Makon jiya mun shiga gandun dajin Black River Gorges da abokan karatuna, sai jagoranmu ya tsaya a bakin wani shingen waya, ya nuna mana wata bishiya mai kaurin ganye, ya ce 'yar'uwar zaitun ce, sunanta Noronhia, kuma saura ƙiris ta ƙare a duniya. Ni na san zaitun da siririn ganye mai ruwan toka, wannan kuwa ko kusa ba su yi kama ba. Ta yaya masana suke gane cewa danginsu ɗaya? Na biyu, in har ta kusa ƙarewa, me ya hana a tattara 'ya'yanta a rena dubbai a leda a dasa, kamar yadda muke yi da darbejiya a gida? Na haɗo da hoton ganyen da na ɗauka."

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka biyu ce a baki, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. Kana neman hujjar da ta sa aka jingina wannan bishiya ga zaitun alhali ido bai ga kama ba, kana kuma son ka san abin da ya sa ba a bi hanyar reno da dashe da muka saba da ita ba. Zan fara da ta farkon, domin a wannan daji musamman kuskuren ganewa yana iya sa ma'aikaci ya sare abin da aka ɗauke shi ya tsare.

Moris tsibiri ne da aman wuta ya fito da shi daga ƙarƙashin Tekun Indiya kimanin shekara miliyan 8 da suka wuce, kuma bai taɓa haɗuwa da wata babbar ƙasa ba. Duk tsiron da ke cikinsa na asali, kakanninsa sun iso ne a cikin tsuntsu, ko bisa iska, ko kan igiyar ruwa, sannan zaman kaɗaici ya sauya musu kama sannu a hankali. Shi ya sa daga cikin ire-iren tsirrai masu fure kusan 690 na asalin tsibirin, wajen 270 ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Babu mazauna a wurin har Turawan Holan suka kafa zango a 1638, suka shiga saran baƙin katakon nan na dangin kanya. Faransawa suka karɓa a 1715, Turawan Ingila suka ƙwace a 1810, gonakin rake kuma suka cinye filayen ƙasa. Yau dajin asali mai lafiya bai kai kashi 2 cikin 100 na faɗin tsibirin ba, kuma babban ɓangarensa yana cikin gandun da ka shiga, wanda aka kafa a 1994.

Suna ba hujja ba ne

Kafin mu kai ga ganye da fure, bari in ja kunnenka game da sunayen da ake ji a bakin jama'a. A Moris ɗin akwai bishiyar da ake kira bois d'olive, wato itacen zaitun da Faransanci, saboda 'ya'yanta sun yi siffar zaitun. Sunanta na kimiyya Elaeodendron orientale, kuma ba ta cikin dangin zaitun ko kaɗan. A tsibirin Sent Helena na Tekun Atalantika an yi wata da aka riƙa kira zaitun ɗin Sent Helena, ashe 'yar'uwar magarya da kurna ce. A gida ma atili na ƙasar Filato, wanda wasu ke kira zaitun ɗin Afirka, ɗan'uwan hano ne da dashi. Kama da wane ba ta wane. Ita kuwa Noronhia ta ɗaya ɓangaren ta biyo, ido ba ya ganin kamarta da zaitun amma jininsu ɗaya.

Dalilin shi ne, ganye tamkar tufa yake, yana bin yanayin wurin da bishiya ta zauna. Zaitun da ka sani ɗan ƙasar Bahar Rum ne, inda rani ke da tsawo da zafi, sai ganyensa ya sirance ya yi ruwan toka don ya rage asarar ruwa. Wadda ka gani tana zaune a dajin da hazo da ruwan sama ba su cika yankewa ba, ba ta da buƙatar wannan tattalin. Fure shi ne ba ya saurin sauyawa, yana nan kamar tsagar gado a fuskar mutum, ko ya yi shekara nawa a baƙon gari za a san gidan da ya fito.

Abin da ake dubawa a jikin bishiyar

Ni in na tsaya gaban bishiyar da ake zaton ta dangin zaitun ce, waɗanda masana ke kira Oleaceae, ba na fara neman abin da zai tabbatar da ita, sai na fara korar waɗanda ke kama da ita. Abu na farko shi ne zaman ganye a jikin reshe. A wannan dangi ganye yakan fito bibbiyu, ɗaya na fuskantar ɗaya a gaɓa guda. Amma dangogi da dama suna da wannan ɗabi'a, don haka sai in duba tsakanin gindin ganyen biyu. Idan akwai wani ɗan kunne da ya haɗa su, ko tabon inda ya faɗi, to dangin kofi da tafashiya ne, kuma suna da yawa ƙwarai a dajin Moris. Sai in tsinke ganye ɗaya in dubi bakin karansa. Idan farin nono ya tsattsafo, na koma wajen dangin tumfafiya ko na kaɗanya. Sai in ɗaga ganyen ga rana in murtsuke gefensa in sansana. Ɗigo-ɗigon mai da ƙamshi irin na ganyen gwaiba alamar dangin gwaiba ne, su ma sun cika wannan daji. Wanda ya tsallake waɗannan uku, ba kunne, ba nono, ba ƙamshi, shi ne ya cancanci a jira furensa. A gidan Noronhia akwai ƙarin wata alama mai taimako: ganyen kan yi kauri kamar fata, bakinsa ba zarto, karansa kuma sau da yawa gajere ne mai kauri, yakan taurara ya ɗauki launin ɓawon reshe.

Furen ƙarami ne, ba ya jan ido. Leɓɓansa huɗu ne, a haɗe daga gindi, kuma idan ka buɗe shi za ka tarar da sandunan da ke ɗauke da garin fure guda biyu rak. Wannan biyun ita ce tsagar gidan. Furen gwaiba yana da su barkatai kamar tsintsiya, na kofi yana da biyar, amma zaitun da yasmin da Noronhia duk a kan biyu suka tsaya. Mahaifar furen tana zaune a sama, cikin leɓɓan, da ɗaki biyu, kuma idan ta nuna sai ta zama ɗa mai tsoka da ƙwallo mai tauri a tsakiya, galibi da ƙwaya ɗaya a ciki, daidai da ɗan zaitun ɗin da ake sayarwa a kwalba.

Wahalar ita ce furen yana can sama, kwanakinsa kuma kaɗan ne. Na fi samunsa a ƙasa fiye da a reshe. Na tuna wata safiya bayan ruwan dare, na durƙusa a gindin wata bishiya da na yi watanni ina kewayawa ba tare da na iya kiran sunanta ba, ina yaye ruɓaɓɓen ganye da ɗan tsinke. Sai ga wasu 'yan furanni da ba su fi ƙwayar dawa ba, sun fara yin ja saboda ruɓa. Na ɗora ɗaya a kan murfin littafina, na tsaga shi da bakin allura, na kanga gilashin ƙara girma mai ninki goma. Sanduna biyu suna maƙale a jikin bangon furen, ɗaya daura da ɗaya. Abin da watanni na kallon ganye suka kasa ba ni, minti biyu suka ba ni.

Gane dangi rabin aiki ne, domin ba Noronhia kaɗai ce 'yar dangin a dajin ba. Akwai Olea lancea, ta asalin wurin ce, kuma gida ɗaya suke da zaitun na ci, ganyenta siriri kamar bakin mashi, abin da sunanta ma ke nufi ke nan. Akwai kuma Ligustrum robustum, baƙuwar da aka kawo daga yankin Siri Lanka, wadda ta zama annoba. Ita furenta fari ne, yana fitowa tuli guda a ƙarshen reshe, 'ya'yanta ƙanana baƙaƙe a cure kamar zangarniya, ganyenta kuma ya fi laushi. Noronhia galibi daga hammatar ganye take fitar da fure, 'ya'yanta sun fi girma, ba su kuma da yawa.

An raɗa wa gidan Noronhia wannan suna ne don tunawa da Francisco Noroña, likita kuma masanin tsirrai ɗan Sifen, wanda ya rasu a Moris a 1788. Cibiyar gidan tana Madagaska, inda aka san fiye da iri 80. A Moris iri uku ne na asali. Noronhia broomeana ana samunta har a tsibirin Reyuniyon da ke maƙwabtaka. Noronhia macrophylla, wato mai babban ganye, da Noronhia obovata, wato wadda ganyenta ya fi faɗi wajen kai, su biyun ba su da wani gida a duniya sai Moris, kuma su ne suka fi kusa da bakin rami. Tarihin sunayensu darasi ne a kansa. A 1877 John Gilbert Baker na lambun Kew da ke Ingila ya saka waɗannan biyun a gidan Olea. Kimanin shekara ɗari bayansa aka mai da su gidan Chionanthus, suka zama Chionanthus boutonii da Chionanthus ayresii. A 2013 Cynthia Hong-Wa da Guillaume Besnard suka gwada ƙwayoyin gado, suka nuna cewa Chionanthus na Afirka da tsibiran Tekun Indiya 'yan gidan Noronhia ne, sai aka gyara sunayen na Moris a 2014. Wannan ba wasan malamai ba ne. Bishiya ɗaya tana iya bayyana da suna uku a tsofaffin takardu, kuma wanda ya binciki suna ɗaya kawai zai rasa wuraren da magabata suka taɓa ganinta, wuraren da ya kamata a koma a duba.

Hukunci na ƙarshe a ɗakin adana busassun tsirrai ake yanke shi, inda za a ajiye reshenka mai fure kusa da wanda aka kafa sunan a kansa tun farko, a auna tsawon ganye, a ƙirga jijiyoyi, a gwada siffar ɗa. Na Moris yana Réduit, kusa da jami'a. Hoton da ka turo ya nuna ganye bibbiyu masu kauri da santsin baki, kuma wannan bai saɓa wa maganar jagoranku ba. Iyakar abin da hoton ganye ke iya bayarwa ke nan, kuma ba zan ɗora masa ɗaya daga cikin sunaye ukun ba, domin ganyen inuwa ya fi na rana girma a bishiya guda, sannan itatuwa da yawa a waɗannan tsibirai ganyensu na ƙuruciya ya sha bamban da na girma, har mutum ya rantse iri biyu ne.

Me ya hana a rena dubbai?

Shawararka ba ta banza ba ce, kuma ana yin reno. Sai dai ka tuna abin da ya sa darbejiya ta karɓu a ƙasarmu. Baƙuwa ce daga yankin Indiya, tana zuba 'ya'ya ba adadi, jemage da tsuntsaye suna watsa mata su, dabba ba ta cika son ɗacinta ba, tana kuma jure rana da fari. Duk abin da ya sauƙaƙa darbejiya, kishiyarsa ce ke damun bishiyar da ka gani. Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo, don haka tambayar da za a fara yi ita ce: a wane mataki ne haihuwarta take tsayawa? Tana fure? Furen yana ɗaukar ciki? Ɗan yana kaiwa nuna? Ƙwallon yana tsira? Tsiron yana kaiwa girma? Kowane mataki da nasa maƙiyi a Moris.

Babban maƙiyin tsiro shi ne inuwar baƙin tsirrai. Gwaibar dajin nan Psidium cattleianum, wadda 'yan tsibirin ke kira goyave de Chine, wato gwaibar Sin, ko da yake daga Burazil ta fito, tana tashi cunkus kamar karan gero a gonar da ba a yi wa cira ba, har mutum ba ya iya kutsawa. Tare da ita akwai Ligustrum ɗin da na ambata. Su biyun suna shanye haske da ruwa da abincin ƙasa, uwar bishiya ta rame ta rage fure, ɗan da ya faɗo kuma ya tsira a cikin duhu ya mutu. Idan ka kawo dashe dubu ka zuba a irin wannan wuri, ka kawo su ne su mutu irin mutuwar da 'yan'uwansu suke yi. Sannan ga dabbobin da ɗan Adam ya shigo da su. Barewar tsibirin Jaba na Indunusiya, wadda Turawan Holan suka kawo a 1639, tana kiwon sabon toho. Aladun dawa suna tone ƙasa su tumɓuke tsiro. Birai masu dogon wutsiya suna tsinke 'ya'ya tun suna ɗanye su ɗanɗana su yar. Ɓeraye suna fasa ƙwallo, ƙaton dodon koɗi na Afirka kuma yana lashe ganyen fari na tsiro a dare ɗaya. A ɗaya hannun, masu ɗaukar manyan 'ya'ya su kai nesa sun tafi: manyan kunkuran tsibirin sun ƙare, tsuntsun nan da ake kira dodo ya ƙare tun ƙarni na 17, babban jemage da ya rage kuwa tun 2015 hukuma ta sha ba da umarnin rage shi saboda kukan masu lambun mangwaro da na wani ɗan itace mai suna lici.

Akwai labarin da nake ba duk ɗalibin da ya yi gaggawar yanke hukunci. A 1977 wani masani, Stanley Temple, ya ce bishiyar tambalakok ta Moris ta daina haihuwa ne saboda ƙwallonta ba ya tsira sai ya bi ta cikin dodo. Maganar ta yi daɗi, ta shiga littattafan makaranta a duniya. Da aka zauna aka bi bishiyoyin shekara da shekaru, sai aka ga ƙwallon yana tsira ba dodo, kuma birai da baƙin tsirrai su ne manyan masu laifi. Da an tsaya a kan zancen farko, da an yi ta maganin ciwon da ba shi ne ba.

Sai matsalar aure, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a wannan dangi. A 2017 masu bincike a Turai suka nuna cewa itatuwan zaitun sun kasu rukuni biyu, kuma garin furen kowane rukuni sai ɗaya rukunin yake yi wa ciki, ba ya yi wa nasa. Ido ba ya bambanta su. An ga wannan tsari a wasu 'yan dangin, har da gidan Ligustrum da na Fraxinus. Saboda haka mai hankali da ke aiki da kowace bishiya ta dangin zaitun zai tsara aikinsa a kan cewa bishiya ɗaya ba ta isa ba. Ka ƙaddara an sami uwa guda mai lafiya, aka yanki rassanta aka kafa ɗari biyar. A ido an sami bishiya ɗari biyar, a jini kuwa bishiya ɗaya ce aka maimaita. Za su yi fure kowace shekara ba ɗa, kuma cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Kusan haka ta faru da zaitun ɗin Sent Helena. Ita ma da ƙyar take yi wa kanta ciki, bishiyar ƙarshe ta daji ta mutu a 1994, 'yan da aka rena daga jikinta cutar funfuna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ta mutu a 2003.

A cikin dangin zaitun ma an yi irin wannan rashi. A 1875 wani mai tattara tsirrai, Edward Palmer, ya tarar da wasu 'yan tsirarun tsofaffin itatuwa a tsibirin Guadalupe na Meziko, ba ƙarami ko ɗaya a gindinsu saboda awakin da aka saka a tsibirin. Aka raɗa musu Hesperelaea palmeri, kuma ba wanda ya sake ganinsu da rai. Abin da ya rage shi ne busassun rassan da ya matse a takarda, waɗanda bayan shekara 140 aka ciri ƙwayoyin gado daga jikinsu don a san matsayinta a dangi. An kwashe awakin a farkon wannan ƙarni, tsirrai da dama suka farfaɗo, ita kam an makara.

Aikin da ke biyan kuɗin sabulu

Shingen da kuka tsaya a bakinsa shi ne amsar da Moris ta samo. Tun shekarun 1930 wasu masana biyu, Vaughan da Wiehe, suka keɓe wani ɗan fili a Macchabé, wani yanki na wannan gandun, suna nazarin dajin, daga baya aka faɗaɗa dabarar zuwa wurare irin su Brise Fer: a kewaye yanki don hana barewa da alade, a cire baƙin tsirrai, a ci gaba da bi ana cirewa. Wasu masana tsirran Moris, Cláudia Baider da Vincent Florens, sun wallafa a 2011 cewa bayan cirar, tsirran da aka fid da rai da su sun sake bayyana da kansu. A ganina wannan shi ne ginshiƙin aikin, reno kuma mataimaki ne. Uwar da ta shekara ɗari a wurin ta riga ta ci jarrabawar ƙasa da guguwa, abin da take nema shi ne a ɗage mata nauyin da ke kanta.

Cirar tana son hannu mai sanyi. Ana sare gwaibar a shafa wa kututturen maganin kashe ciyawa da buroshi, ba a fesa ba, ko a zagaye ɓawon a bar ta ta bushe a tsaye. Na fi son a buɗe wurin sannu sannu, a fara daga gindin iyayen da ake son ceto, domin dajin da aka yaye wa rufi rana ɗaya rana takan ƙone tsironsa, sabuwar ciyawa ta mamaye, guguwar damina kuma ta sami ƙofa. A nan ne tambayarka ta farko ta haɗu da ta biyu. Ma'aikacin da ke riƙe da adda an ce masa ya tumɓuke duk tsiron Ligustrum, kuma tsiron Ligustrum ganyensa bibbiyu ne, ba kunne, ba nono, daidai da na 'yar'uwarsa da ake nema ruwa a jallo. Shi ya sa kafin a fara cira nake shiga gaba da jan ƙyalle, in ɗaura wa duk tsiron da nake shakka, in kuma zauna da ma'aikata mu taɓa ganyen biyu da hannu har yatsunsu su san bambancin kauri. Mutanen da suka shekara suna wannan aiki sukan fi mai digiri saurin ganewa, kuma ban taɓa jin kunyar tambayarsu ba. Ka kuma sani cewa gwaibar tana da masoya, iyalai kan fita tsinkarta a lokacinta su ci da gishiri da barkono, don haka aikin yana buƙatar a yi wa jama'a bayani, ba a wayi gari kawai su ga an sare ba.

Shinge ba ya hana biri da ɓera. Su sai tarko, da kuma sanya wa 'ya'yan jakar raga tun suna ƙanana har su nuna. Daga nan reno yake shigowa, kuma ƙa'idarsa ita ce yawan iyaye ya fi yawan dashe. Gara dashe hamsin daga uwa goma da dubu daga uwa ɗaya. Ana ɗibar kaɗan daga kowace uwa a bar wa daji rabonsa, a wanke tsokar, a shuka da wuri a inuwa, a kuma yi haƙuri, domin ƙwallo mai tauri yana iya ɗaukar watanni. Uwar da ba ta haihuwa ana iya kafa reshenta, ko a yi mata aure a kan saiwar 'yar'uwarta kamar yadda ake yi wa mangwaro, sannan a dasa 'ya'yan iyaye dabam dabam kusa da juna don furensu ya gamu. Batun ajiyar iri kuwa, manyan rumbuna irin na Kew suna busar da iri su daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, amma ka san ƙwallon mangwaro da na kaɗanya suna mutuwa in sun bushe, kuma itatuwan daji mai dausayi da yawa haka suke. Sai an gwada da 'yan ƙwayoyi kaɗan kafin a miƙa duka.

Zan gaya maka wani kuskure nawa don kada ka maimaita. A wani lambun reno da na yi aiki, mun tara irin wata bishiya da ba kasafai ake samunta ba daga iyaye dabam dabam, na rubuta lambar kowace uwa da alƙalamin maka a jikin farar roba. Wata huɗu na ban ruwa da rana suka goge rubutun tas. Dashen suna nan kore shar a ledojinsu, amma ba wanda ya san ɗan wace ce wannan, kuma aikin haɗa dangi da muka yi tafiyar makonni dominsa ya rushe. Tun daga ranar fensir nake amfani da shi, ko ɗan gwangwani da aka huda lamba a jiki, ɗaya a sama ɗaya a binne cikin ledar, da kwafi a littafi.

Ƙidaya ma tana da ƙa'ida. A ma'aunin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, iri yana shiga matakin haɗari mafi tsanani idan manyansa masu iya haihuwa ba su kai 50 ba, yana shiga mataki na biye idan ba su kai 250 ba. Dashen da ke leda ba ya shiga lissafi, wanda aka mayar daji ma sai ya haifi ɗa mai rai ake ƙirga shi. Wannan ma'auni ya yi mini daidai, domin yana hana mu ruɗin kanmu da yawan ledoji.

Idan ka dawo gida, wannan ilimi yana da wurin aiki. A duwatsun Azbin na Nijar, har da Bagazam, da Hoggar na Aljeriya da Jabal Marra na Sudan, akwai zaitun ɗin daji na Sahara, Olea europaea laperrinei, tsofaffin itatuwa a tsibiran dutse da yashi ya kewaye, suna rayuwa ta hanyar sake toho daga kututture, ba kasafai ake ganin sabon tsiro daga iri ba saboda fari da kiwo.

Kafin nan, ka koma wurin bishiyarka. Kada ka tsinki reshe ko ɗa, domin ɗibar tsiro a gandun sai da izinin hukumar gandun daji, kuma kada ka saka ainihin wurin da take a intanet. Ka nemi jagoran ya duba maka ko tana da lamba a jiki, ka kai lambar da hotunanka Réduit, su za su gaya maka wace ce cikin ukun, da watan da take fure. Ka tafi da gilashin ƙara girma, da rula, da fensir. Ka ɗauki hoton gaɓar reshe inda ganyen biyu suka haɗu, da bayan ganye da rula a gefe, da ɓawon jiki, sannan ka duba ƙasa a wajen shingen, daidai inda rassanta suka leƙo. In ka dace da furen da ya faɗo, ka tsaga shi da allura a kan farar takarda, ka turo mini hoton mu ƙirga sandunan tare.